Taya 28 a ƙarƙashin burkin rim: rata nawa ce ta isa?

Nura Sabil:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar manya. Kekena na tsere ne, firam ɗin alminiyam, fok ɗin gaba (ƙarfe biyun da ke riƙe ƙafar gaba) na kabon, burkin rim (mai kama gefen rim) Shimano 105. Taya 25, wato mai faɗin milimita 25, ce a kai tun da na saye shi. Wani abokin aikinmu ya koma keken dutse, ya sayar mini da taya 28 guda biyu kusan sababbi, na ɗaura su jiya da daddare. Ta baya ta zauna lafiya lau. Ta gaba ce ta tsaya mini a rai. Tsakanin saman tayar da cikin bakan burki, in na haɗa katin iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) da katin banki da ƙyar suke shiga. Na ɗaga keken na juya ƙafar, ba ta goga komai, ba ta ƙara. Zan iya fita da shi Juma'a zuwa Obhur, bakin tekun da ke arewacin Jidda, ko in haƙura?

Sadik Obhur:
Wa alaikumus salam. Hau abinka, Nura. In ba ta goga ba, ai ba ta goga ba. Ni ma 28 ce a nawa, ratar ba ta kai taka ba ma, kuma kowa a nan ya san irin gudun da nake yi. Za ka ji daɗin 28 ɗin nan sosai, musamman wajen da aka yi wa kwalta faci-faci. Hannunka zai daina mutuwa.

Baba Ilu Karantina:
Wa alaikumus salam. Nura ɗana, kada ka fita da shi haka. Sadik, kai ma ka kawo mini naka in gani.

Keken da aka ɗaga sama ana juya ƙafarsa a cikin ɗaki dabam, keken da mutum ya hau yana taka feda a titi dabam. A ɗaki tayar fes take, babu nauyi a kanta, babu ƙasa. A titin Jidda kuwa, kwalta da rana ta dafa tana da danƙo, tayar za ta ɗauko 'yar tsakuwa ta manne mata, ta zagayo da ita sama. In ratar ta fi tsakuwar, za ta wuce, ka ji ƙas, shi ke nan. In tsakuwar ta fi ratar, sai ta cushe tsakanin taya da ƙarfe. A ƙafar baya abin da sauƙi, tayar za ta ja ƙasa, ka yi tangal-tangal, galibi ka tsira. A ƙafar gaba babu wannan. Ƙafar za ta tsaya cak, kai kuma ba ka tsaya ba.

An taɓa kawo mini wani keke da fok ɗinsa ya lanƙwashe ta baya. Da na kwance burkin na juya shi, cikin bakan duk ya goge ya yi fari tas, fentin ya tafi, har alminiyam ɗin ya yi kwari. Mai keken ya rantse mini tayarsa ba ta taɓa gogar burki ba. Gaskiya ya faɗa, yashin da ke kanta ne yake ci a hankali, har ranar da wani guntun waya ya shiga.

Sadik Obhur:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa. Ko da taya 23 guntun waya zai iya shiga.

Baba Ilu Karantina:
Zai iya shiga, kuma zai samu hanyar fita. Maganata ke nan.

Injiniya Mansur Riyad:
Salam. Bari in sa lamba a kan abin da Baba ya faɗa. Katin banki da katin iƙama girmansu ɗaya ne, kaurin kowanne milimita 0.76. Biyu ke nan milimita ɗaya da rabi. Wannan ita ce ratar Nura.

Akwai ƙa'idar lafiyar kekuna ta duniya, ISO 4210, wadda kamfanoni ke bi wajen ƙera keke. Ta ce tsakanin taya da firam ko fok ko duk wani abu da aka ɗaure a jiki, a bar aƙalla milimita 4 a keken tsere, milimita 6 a keken gari da keken dutse. Ratar Nura ko rabin 4 ɗin ba ta kai ba. Kuma 4 ɗin nan ita ce mafi ƙaranci, ba a yi ta don masu hawa a ƙasar rairayi ba. Mu da muke bin kwarin Wadi Hanifa a Riyad bayan guguwar ƙura mun san yadda gefen titi yake komawa. Ni a nawa ra'ayin, a ƙasar nan wanda ya samu 5 ko 6 a gaba ya fi kwanciyar hankali.

Hanyar aunawa mai sauƙi: ɗauki alanki (siririn ƙarfen kwance noti mai kusurwa shida) mai lamba 4. Kaurinsa daga gefe zuwa gefe milimita 4 ne daidai. Zura shi tsakanin taya da burki. In ya shiga ya zagaya ko'ina ba tare da ka tura da ƙarfi ba, ka haye. In ya maƙale a wani wuri, wurin nan shi ne hukuncinka, ba inda ya fi faɗi ba.

Nura Sabil:
Na gode Baba, na gode Injiniya. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na duba bayanin burkin, an rubuta yana ɗaukar taya har 28. Tayar kuma 28 aka rubuta a jikinta, 700x28C. To me ya sa ba su haɗu ba?

Injiniya Mansur Riyad:
Tambaya mai kyau, kuma a nan yawancin mutane ke ruɗewa. Gaskiya ne Shimano ta ce 105 samfurin R7000 da Ultegra R8000 suna ɗaukar 28. Sai dai abubuwa uku ne ke yanke ratar, burkin ɗaya ne kawai a cikinsu.

Na farko, inda mai ƙera fok ya huda ramin notin burki. Burkin yana rataye ne a wannan ramin, ba ya hawa ba ya sauka. In an huda ramin kusa da taya, to duk burkin da ka ɗaura zai zauna kusa da taya. Kana iya gane wannan da ido: dubi robar burkinka, a ina take zaune a cikin doguwar tsagar da ke hannun burkin? In tana can ƙasan tsagar, ramin yana nesa da rim, akwai fili a sama. In tana tsakiya ko sama, an matse wurin tun daga masana'anta. Kekunan tsere da yawa na wajen 2010 zuwa 2015 an yi su ne lokacin da taya 23 ke tashe, 25 ma ana ganin ta da faɗi.

Na biyu, lambar da ke jikin taya. Kamar takalmi ne, 42 na wannan kamfani ba 42 na wancan ba ne, sai ka sa ƙafa. Akwai taya 25 da in ka auna za ka samu 27, akwai 28 da ke kaiwa 30.

Na uku, faɗin cikin rim. Tsofaffin rim na tsere cikinsu milimita 13 zuwa 15 ne, na baya-bayan nan 17, 19, har 21. Taya ɗaya ce za ka ɗaura a kan 15 ta tsuke, ka mayar da ita kan 19 ta buɗe ta ƙara wajen milimita ɗaya da rabi. Saboda haka sai an ɗaura, an yi famfo, sannan a auna. Kuma sabuwar taya tana ɗan saki bayan ta kwana biyu da iska a ciki, don haka a sake aunawa.

Nura Sabil:
Na je na duba yanzu. Robar gaba tana kusan saman tsagar. Ta baya tana ƙasa sosai.

Baba Ilu Karantina:
To ka ga amsarka da idonka. Shi ya sa ta baya ta zauna, ta gaba ta ƙi.

Abba Madina:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu daga hostel. Ni na ga ana sayar da burki mai dogon hannu, irin Tektro R559 da makamantansa, ana cewa yana ɗaukar taya har 32 da madigadi. Me zai hana Nura ya canza burkin gaba kawai? Ai ya fi sauƙin canza keke.

Baba Ilu Karantina:
Malam Abba, ba zai yi ba. Dogon hannu an yi shi ne don keken da ramin notinsa ke nesa da rim, hannun ya miƙa ya kamo. Na tsere gajere ne, wajen 39 zuwa 49. Akwai matsakaici 47 zuwa 57. Wanda ka ambata ya fi haka ma, daga 55 yake farawa. In ka ɗaura shi a fok ɗin Nura, ko ka tura robar can saman tsaga za ta sauka ƙasa da inda ake kama rim, ta nufi sifok, wato wayoyin ƙafar keke. Kuma ramin bai motsa ba, kan fok ɗin bai motsa ba. An yi asarar riyal ke nan.

Abin da kan ɗan taimaka shi ne in tsohon burki ne mai kaurin baka, a sa sabon samfuri da aka ƙwaƙule cikinsa. Ana samun milimita ɗaya ko biyu. Amma sai an tabbatar burkin ne ya fi kusa da taya ba kan fok ɗin ba. Nura, leƙa ta bayan burkin da fitilar waya ka gani, wanne ne ya fi sauka?

Nura Sabil:
Kusan daidai suke, Baba. Burkin ya ɗan fi sauka kaɗan, amma alanki 3 ma ba ya shiga ƙarƙashin fok ɗin.

Baba Ilu Karantina:
Shi ke nan, ko ka canza burki fok ɗin zai tare ka.

Sadik Obhur:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Ku kalli 'yan tseren duniya. Kekunan gudun agogo da ake yi a da, tayar baya kamar za ta sumbaci firam, takarda ma da ƙyar take wucewa. Su ba su san ISO ba ne? Kuma waɗanda suka zo tseren AlUla a nan Saudiyya mun gan su a talabijin, duk 28 da 30 suke hawa. Mu ne za mu zauna a kan 25 kamar a 2012?

Injiniya Mansur Riyad:
Sadik, abubuwa biyu ka haɗa. Waɗanda ka gani a AlUla kusan dukansu burkin faifai ne a kekunansu. Tun watan Yulin 2018 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta shi a tseren titi, kuma cikin 'yan shekaru ya mamaye. Da burkin ya koma tsakiyar ƙafa, babu wani ƙarfe da ke sunkuye a kan taya, sai aka buɗe fok da firam. Su 30 ɗinsu tana da fili a kowane gefe. Ba cusa ta suka yi ba.

Na biyu, ɗan tsere yana da bakanike da ke wanke keken kullum, yana duba ƙafa kullum, ana share masa hanya, mota na biye da shi da wata ƙafar. Kai kana da wa? Kai da Nura kuna fita bayan Asuba, gefen titi ne naku, inda motocin gine-gine suka zubar da tsakuwa.

Kuma ka san ƙafar keke tana lanƙwasa. Ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi, rim yana karkata hagu da dama. Kai da ka fi mu ƙarfin ƙafa ka fi kowa sanin ƙarar nan ta robar burki tana shafar rim in kana hawa gada. In rim ya motsa, tayar ma ta motsa.

Sadik Obhur:
Wannan ƙarar kam na san ta. Ni dai na ɗauka burkin ne na matse da yawa.

Baba Ilu Karantina:
Ka cire ƙafar baya yau ka dubi cikin ƙarfe biyun nan da suka taso daga wajen feda zuwa baya, daidai inda taya ke wucewa. In ka ga fenti ya dushe kamar an goga sanfefa, ka san abin da ke faruwa. A alminiyam abin yana ɗaukar lokaci. A kabon kuwa na ga wanda taya ta ci har zaren ya fito fili, firam na dubban riyal ya zama na ratayewa a bango.

Sannan akwai sifok. Ƙafafun yanzu sifok ɗinsu kaɗan ne, 20 a gaba, 24 a baya, wasu 16 ma. A Raleigh da Phoenix ɗin da muka taso da su, sifok ɗaya ya tsinke ba ka ma sani ba sai ka dawo gida, don suna da yawa. A waɗannan, ɗaya ya tsinke rim zai goce nan take. Mai rata zai buɗe ɗan makullin da ke jikin burki ya lallaɓa ya iso gida. Marar rata zai saɓa keke a kafaɗa a rana, in ma Allah ya kiyaye bai faɗi ba.

Garba Shara Mansur:
Jama'a ku yi haƙuri in shigo. Akwai dabarar da wani mai gyara ya nuna mini. Ana yanko ɗan guntun ƙarfe ko sifok a sa a cikin bakin fok, saman aksil (sandar tsakiyar ƙafa), sai ƙafar ta ɗan sauko ƙasa da milimita biyu, sannan a ɗaure. Rata ta samu ke nan ba a kashe ko halala ba. Wasu kuma suna ɗan goge cikin bakan burkin da fayil.

Injiniya Mansur Riyad:
Malam Garba, don Allah kada kowa ya gwada wannan. Aksil an yi shi ne ya zauna daram a can ƙarshen bakin fok, nauyinka ya hau kan ƙarfen fok ɗin kai tsaye. In ka sa wani abu a tsakani, ka rage wurin da makullin ƙafa ke cizo, kuma ranar da guntun ya zame ƙafar za ta haura sama da milimita biyun nan a lokaci guda, tayar ta daki burki. Abin da ake gudu tun farko shi ne zai faru, kuma sai a kan rami ko kan tudun rage gudu, inda ka fi buƙatar ƙafar.

Fayil kuma, wurin da za ka goge shi ne wurin da ke ɗaukar ƙarfin matsa burki. Fok na kabon kuwa ko kusa kada fayil ya je.

Baba Ilu Karantina:
Wanda ya kawo mini keke da wannan aikin, sai na cire kafin ya fita daga shagona, ko ya so ko bai so ba. Garba, in a kekenka aka yi, ka cire yau.

Garba Shara Mansur:
A na ƙanena ne. Zan sa shi ya cire kafin Magariba insha Allah.

Usman Ɗa'ifa:
Salam ga kowa. Ku mutanen Jidda ƙasarku shimfiɗe take, burki ba ya wahala a wajenku. Mu nan sama muke a kan dutse, duk inda ka nufa ko hawa ko gangara. Akwai wata rata da ba a ambata ba, kuma ita ta fi ba ni tsoro: tsakanin robar burki da gefen taya.

Taya mai faɗi a kan siririn rim tana yin ciki, ta kumburo ta gefe ta leƙo saman robar burki. In robar ta ɗan haura sama kaɗan, bakinta zai riƙa shafar gefen tayar duk lokacin da ka matsa. Gefen taya kuwa ba shi da kauri, zare ne da 'yar roba. A gangara mai tsawo kana riƙe da burki, sai ta yanka ta kewaye kamar da reza, tib ya leƙo, ka ji fam. Na ga tayar da hakan ta faru da ita, layin yankan a miƙe yake zagaye da ita, zaren ya yi furfura.

Kuma burkin nan da hannayensa ke juyawa a kan ƙusa biyu, in robar tana cinyewa, ta gefe ɗaya tana ƙara haurawa sama wajen taya. Wanda ya saita tun tana sabuwa bai sake dubawa ba, zai iya samun ta kai taya ba tare da ya taɓa komai ba. Ni dai ina barin milimita ɗaya zuwa biyu tsakanin saman robar da bakin rim, kuma ina dubawa da burkin a matse, ba a sake ba.

Injiniya Mansur Riyad:
Madalla Malam Usman. Wannan ta burki a matse ta shafi maganar alankin ma. In ka matsa burki hannayen suna rufowa ciki, kafaɗunsu na matsowa kusa da kafaɗar taya. A auna sau biyu, a sake da a matse.

Abba Madina:
To zafi fa? Mu nan Madina da rani abin ba a magana. Ina yin famfo a ɗaki mai sanyin AC, in fita kan kwalta kamar wuta. Taya ba ta ƙara kumbura ta cinye ratar?

Injiniya Mansur Riyad:
Iskar ciki tana ƙaruwa, wannan lissafi ne tsayayye. In ka sa 80 psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) a ɗaki mai digiri 25, iskar cikin tayar ta kai digiri 50 a titi, za ta koma wajen 88. Amma girman tayar ba ya biye wa iskar sosai, don zaren jikinta yana riƙe ta, ƙarin ɗan kaɗan ne. Mai rata 4 ko 5 ba zai ma lura ba. Mai ɗaya da rabi ne kowane ɗan ƙari ke ci masa.

Zafin da ya fi wannan haɗari shi ne wanda Malam Usman ke fama da shi. Burkin rim yana mayar da gudu ya zama zafi ne a jikin rim, tib kuma yana kwance a kan rim ɗin. A doguwar gangara irin ta dutsen Hada da ke kusa da Ɗa'ifa, in mutum ya riƙe burki bai saki ba, rim zai yi zafin da ba ka iya taɓa shi. Na kabon ya fi muni, don ba ya fitar da zafi kamar alminiyam. Shi ya sa ake matsawa da ƙarfi a saki, a matsa a saki, ana haɗa gaba da baya, in ta kama a tsaya rim ya huce.

Maman Ilham Jidda:
Assalamu alaikum, sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ta 'yata ce. Babanta ya sayo mata keken tsere na hannu, muna kai ta hanyar kekuna ta Kornish da yamma. Ran nan da aka yi ruwa, washegari muka fita, sai keken ya riƙa wani ƙara shuu-shuu a gaba, ta sauka muka ga yashi ya taru ya daskare a ƙarƙashin burkin. Na ƙwaƙule da makullin mota muka ci gaba. Da na karanta maganar Baba sai gabana ya faɗi. Ni ban san lambar tayar ba ma.

Baba Ilu Karantina:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi daidai da kika tsayar da ita. Jiƙaƙƙen yashi shi ne ya fi kowane abu cika wannan wurin, yana mannewa a taya ya taru a ƙarƙashin burki kamar siminti. Jidda ba a cika ruwa ba, amma daga Nuwamba zuwa Janairu in ya zo yakan kwaso ƙasa ya shimfiɗa a titi, ta kwana biyu ba ta bushe ba.

Lambar tana gefen tayar, za ki ga 700 da wata lamba a gabanta, ko ki ga irin 28-622. Lambar da ke bin 700, ko ta farko a irin 28-622, ita ce faɗin. Amma ki bar lambar, ki nemi alanki 4 a kayan aikin Alhaji ki zura yadda Injiniya ya ce. Tunda yarinya ce kuma ba tsere take ba, ni zan so lamba 5 ma ta shiga. In bai shiga ba a sa mata taya ƙarama da mataki ɗaya. Keken hannu sau da yawa mai sayarwa yakan ɗaura duk tayar da ya samu don keken ya yi kyan gani. Ki kuma sa a duba mata ko hannunta yana kai wa hannun burkin da ake matsawa da yatsu sosai, akwai ɗan sukurun da ake matso da shi kusa don masu ƙananan yatsu.

Maman Ilham Jidda:
Allah ya saka da alheri Baba. Na duba, 700x30C aka rubuta. Lamba 4 bai shiga ba. Zan gaya wa babanta in ya dawo daga aiki.

Baba Ilu Karantina:
30 a ƙarƙashin wannan burkin ta yi yawa. A sa mata 25. Kada ta hau kafin nan.

Nura Sabil:
To ni yanzu mece ce mafita? Gaskiya na ƙwallafa rai a kan 28 ɗin nan, saboda girgizar da hannuna ke sha. Canza keke zuwa mai burkin faifai kuwa ba na bana ba ne, akwai na gida da ke jiran aike.

Usman Ɗa'ifa:
Ka bar 28 a baya tunda ta samu wuri, ka mayar da 25 gaba. Babu laifi a haɗa su, ni haka nawa yake. Nauyin mutum ya fi yawa a ƙafar baya, can ne taya mai faɗi ta fi amfani. Ɗaya 28 ɗin ka ajiye ta a inuwa, in ta bayan ta cinye ka ɗaura.

Injiniya Mansur Riyad:
Na goyi bayan wannan, da sharaɗin ka auna bayan a wurare huɗu: ƙarƙashin burki, gefe biyu na ƙarfen da Baba ya ambata, bayan bututun da sirdi ke kai, da wajen abin canza giyar gaba, don wani lokaci wayarsa ko maɗaurinsa na leƙowa wajen taya. Ka juya ƙafar a hankali kana aunawa, domin babu tayar da ta zagaye cif, akwai inda ta fi tudu.

Sannan iska nawa kake sa wa 25 ɗin, kuma nauyinka nawa?

Nura Sabil:
Kilo 68. Ina sa 115, wani lokaci 120, abin da aka rubuta a jikinta ke nan.

Injiniya Mansur Riyad:
To ga inda ciwon hannunka yake. Lambar da ke jikin taya iyaka ce da ba a so a wuce, ba ita ake so ka sa ba. Mai kilo 68 a kan taya 25, wajen 80 zuwa 85 a gaba ya ishe shi. 28 ta baya ka fara da 70 zuwa 75 ka ji. In ka ji rim yana dukan ƙasa a kan rami ka ƙara biyar. Kuma ba za ka rasa gudu ba, a kan kwalta mai gargada taya mai tauri tsalle take yi, ƙarfinka yana tafiya a girgiza.

Sadik Obhur:
Na cire ƙafar baya kamar yadda Baba ya ce. Gefen hagu fentin ya tafi, wajen faɗin farce, ya yi santsi. Firam ɗina kabon ne. Baba, ya lalace ke nan?

Baba Ilu Karantina:
Sai na gani da idona. In fenti ne kawai da ɗan man da ke samansa, za a tsira, a manna masa leda mai kauri ta kariya a sauya taya. In ka ga baƙin zare ya tashi, ko ka danna da babban yatsa ka ji wurin ya yi laushi, ko ka ƙwanƙwasa da kwabo ka ji sautin ya bambanta da na ɗaya gefen, to kada ka hau. Ka turo hoto da fitila a kai, kuma ka kawo shi gobe bayan La'asar. Ka taho da tsofaffin tayoyinka 25 in suna nan.

Sadik Obhur:
Suna nan. Zan zo da shi a mota.

Nura Sabil:
Na mayar da 25 gaba, na sa 82. Alanki 4 yana yawo, 5 ma ya shiga da ɗan gogawa. A baya 4 ya shiga ko'ina, sai wajen ƙarfen gefen sarƙa da ya shiga daidai wa daida. Baba, wannan ya yi, ko ita ma in sauke ta?

Baba Ilu Karantina:
In gefen sarƙa ya fi ɗaya gefen matsewa, ƙila ƙafar ce ba ta zauna a tsakiya ba. Ka ajiye keken a ƙasa, ka buɗe makullin ƙafar, ka danna sirdi da nauyinka aksil ya zauna sosai, ka rufe, ka sake aunawa. In har yanzu gefe ɗaya ya fi, ɗaurin sifok ne ya ja rim gefe, aikin minti goma ne a wajena. Ka biyo Sadik gobe in duba muku gaba ɗaya.